Karsanar da Na Kai Gaban Maigari

Tun ina ƙarami na san shi, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai Baffa. Bafulatani ne, dogo siriri, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu inda wani bijimi ya taɓa take shi. Kowace shekara, da an gama yankan hatsi an kai dammuna rumbu, sai ya gangaro daga arewa da garkensa ya sauka a gonar mahaifina, wadda ke bayan ƙauyenmu tsakanin Dogarawa da Malbaza.

Shanunsa su ci kara, su kwana a gonar, su bar mana taki. Bayan ƴan kwanaki sai ya matsar da makwancinsu gaba kaɗan, har sai ko'ina ya samu. Mahaifina kuma ya aika masa da hatsi, matarsa ta riƙa kawo wa Inna nono da man shanu, wani lokaci har da ƙwan zabbi. Ba a taɓa zama an yi ciniki kan wannan ba. Ina tuna su biyun zaune a gindin gawon da ke tsakiyar gonar, su shafe rabin yini ba su yi magana mai tsawo ba. Ɗaya ya ce ruwa bai yi ba a wuri kaza, ɗayan ya ce haka ya ji, sai su koma kallon shanu.

Ni lakwal aka sa ni, wato makarantar boko, na yi nisa da gida shekaru da yawa, daga baya na zama malamin makaranta a Malbaza. Mutanen ƙauye suna ce mini mushe, yadda ake kiran malamin boko daga kalmar Faransanci, ni kuwa sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata. Mahaifina ya rasu cikin damina, hatsi na bunƙasa. Da yake ni ne babban namiji, gona ta dawo hannuna. Ina kwana Malbaza ranakun aiki, in hau babur in zo gida ran Juma'a da marece.

A shekarun nan kiwo ya riga ya sake kama a yankinmu. Karan da a da ake bari a gona har iska ta kwantar da shi ya zama abin sayarwa. Da an gama girbi sai ka ga amalanke na bin juna, an lafta musu kara da harawar wake, ana kai wa Konni. Kowane gida ka shiga akwai rago biyu ko uku a turke ana ciyar da su don layya. Mata sun kama kiwon jajayen awaki, matasa kuma suna maganar kajin turawa masu girma cikin ƴan makonni, irin waɗanda ake tsarewa a ɗaki a bakin babbar hanya. Wanda yake son taki ya sayi na buhu da ake shigowa da shi daga Nijeriya. Burtalin da shanu ke bi ya tsuke, don kowa ya ɗan tura garmarsa ciki. Ni ma na tura tawa.

Shekarar farko da na riƙe gonar na sayi raguna huɗu. Na sa aka kwashe karan kaf, aka share gonar kamar tsakar gida. Harawar wake kuma, da yake ta yi yawa gida ba zai ɗauke ta ba, na yi mata rumfa a kusurwar gona, na jibge ta sama, na kewaye da ƙaya. Ina alfahari da aikin nan. Har nakan ce wa abokan aikina tsofaffinmu sun daɗe suna zubar da arziki a daji ba su sani ba.

Ran wata Asabar da hantsi ina ba raguna dusa aka yi sallama a ƙofar gida. Inna ba ta nan, ta tafi suna a wani ƙauye kusa da mu. Na fito na iske Baffa tsaye, sanda a kafaɗa, ya tsufa fiye da yadda na san shi. Muka zauna a zaure.

Ya ce, "Allah shi jiƙan maigida. Can arewa labari ya iske ni, ban samu sauka ba sai yanzu."

Na amsa, muka shafa addu'a. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena ɗaya bayan ɗaya, har wadda ke aure a Illela bai manta da ita ba. Ni kuwa hankalina na kan abu guda, yadda zan faɗa masa. Da ya gama sai na ce, "Baffa, bana dai gona babu komi. Na kwashe karan."

Ya ce, "Na gani. Ta can na biyo."

"Zamani ne ya zo da haka. Kowa na da bisashe gida yanzu."

"Haka ne," in ji shi. Ya ce sun sauka a bakin fako, can bayan gonarmu, kwana biyu kawai za su yi su wuce. Ya jujjuya sandarsa a ƙasa, sannan ya ce, "Akwai wata magana da nika so mu yi, ni da kai da innarka."

Nan take na yanke wa kaina cewa hatsi zai roƙa. Na ce a raina, shanunsa ba su taka gonar ba, taki bai bari ba, kuma yana jiran dami kamar da. Na miƙe ina kallon agogo, na ce, "Baffa, sauri nika yi, ana jirana lakwal. Bari sai wani lokaci."

Ran Asabar babu mai jirana ko'ina. Ya tashi a hankali, ya ce babu komi, gobe ma rana ce ta Allah. Don kada ƙaryata ta fito fili sai na tada babur na tafi Dogarawa, na zauna wurin mai shayi har la'asar. Da Inna ta dawo na gaya mata Baffa ya zo gaisuwa. Ta ce, "Ka ba shi dami?" Na ce zan ba shi.

Washegari da sassafe na tafi duba harawa. Tun daga nesa na hango ƙayar a ture. Wata jar karsana ce tsaye ƙarƙashin rumfar, ta jawo dami uku ko huɗu ƙasa, ta ci wani ta tattake wani. Kyakkyawa ce, mai sheƙi, ƙahonta bai gama fitowa ba. A wuyanta akwai sabuwar igiya da ta tsinke. Da ina cikin hankalina da na tambayi kaina abin da ya sa saniyar garke ke yawo da sabuwar igiya. Ban tambaya ba. Abin da na ji shi ne wani irin daɗi a ƙarƙashin fushina, don na samu hujjar abin da na yi jiya.

Na kama guntun igiyar na ja ta. Akwai hanya ta bayan gari da ke kaiwa gidan maigari, amma na bi da ita ta tsakiyar ƙauye, ta gaban masallaci, ta bakin rijiya inda mata ke jan ruwa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ɗaga murya in ce, "Ɓarna tay yi mini! Ta Hulanin da sunka sauka bakin fako ce." Kafin in isa mutane sun biyo ni.

Maigari tsoho ne, sa'an mahaifina, tare aka yi musu kaciya. Ya fito ya zauna a kan buzunsa, liman da wasu dattawa suka zauna gefensa. Aka ɗaure karsanar a jikin dalbejiyar ƙofar gidansa, aka aika kiran Baffa. Ya ɗan jima kafin ya iso, don ashe tun asuba yake yawon nemanta ta wajen gabas. Da ya gan ta ɗaure sai na ga fuskarsa ta saki. Ya gaida maigari, ya gaida dattawa, ya gaishe ni, ya tsuguna a bakin tabarma.

Aka ce in yi magana. Na yi ta fiye da yadda ake bukata. Na yi zancen doka, na yi zancen wahalar manomi, na ce an wuce lokacin da makiyayi zai ɗauki gonar mutane kamar dajin Allah. Har kalmomin Faransanci na riƙa jefawa, alhali na san babu mai jin su a wurin sai ni. Na ce ba don harawar nake yi ba, don a kafa misali ne. Na nemi a ci shi tara.

Maigari ya saurare ni har na gama, sannan ya juya ya ce, "Saniyar ga taka ce?"

Baffa ya ce, "Hannuna take, amma ba tawa ba ce."

"To ta wa ce?"

Ya nuna ni da haɓa. "Ta mushe ce."

Na ɗauka wata dabara ce ta kauce wa tara, har na buɗe baki, maigari ya ɗaga mini hannu. Baffa ya yi bayani a hankali, idonsa a ƙasa. Ya ce shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, ina can wurin aiki nesa, shanunsa sun zube a hanyar dawowa, ya iso gonarmu da ƴan kaɗan, ko mai nono babu. Mahaifina ya tafi kasuwar Badaguishiri ya sayo saniya mai ciki ya damƙa masa igiyarta. A wurin Fulani akwai abin da suke kira habbanaye: ka ba wanda ya rasa dabbobinsa aron saniya, ta haifa masa sau uku, ƴaƴan su zama nasa, sannan ya maido maka da uwar.

Ya ce, "Ta haihu uku, duka mata. Bara da rani ta ci leda, cikinta ya kumbura, tam mutu. Shi ne na zaɓi wadda ta hi kyau cikin ɗiyanta in maido wa maigida, sai ga shi ban iske shi ba. Jiya na zo in shaida ma mushe, na iske yana sauri. Na ɗaure ta gindin gawo don in kawo ta gida da sahe. Yunwa ta sa ta tsinke igiya."

Maigari ya ce, "Na san zancen ga. Amma marigayi ya shaida mini kyauta ya ba ka."

Baffa ya ce, "Shi yac ce kyauta. Ni ban ce na karɓa kyauta ba."

Ina jin karsanar tana tuƙa a bayana. Can baya wani ya yi dariya ya mai da ita tari. Ban san inda zan sa idona ba. Na kalli takalmana, na ga ganyen harawa a maƙale jikin ɗaya, na tsaya ina kallonsa kamar wani abu ne mai muhimmanci.

Maigari ya gyara zama ya ce, "To mushe, wa za mu ci tara?"

Baffa ne ya amsa. Ya ce shi za a ci, don lokacin da ta yi ɓarnar tana hannunsa, bai riga ya miƙa ta ba. Liman ya ce a bar zancen nan, dattawa suka ce a bar shi. Ni ma na ce, "A'a Baffa, a bar shi," amma muryata ko wanda ke kusa da ni da ƙyar ya ji. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in tashi in tsuguna gabansa, gaban mutanen da na tara, in ce ya yafe mini. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gane ba. Na zauna ina jiran a watse.

Baffa ya tashi ya kwance karsanar daga jikin dalbejiya, ya ƙulla igiyar inda ta tsinke, ya shafa wuyanta, ya yi mata wata magana da Fulatanci. Sannan ya miƙo mini da hannu biyu. Wannan karon ta bayan gari na bi.

Labari ya riga ni isa gida. Na iske Inna tana watsa wa kajinta tsaki. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ɗaure ta can nesa da ragunanka, kar ta ci musu abinci." Da la'asar muka iske ɗan akuya ɗaure a ƙofar zaure, babu wanda ya ga mai kawo shi, amma mun san tarar Baffa ce. Na ce gobe ba zan kwana Malbaza ba, zan mai da shi in na taso daga aiki, in haɗa da hatsi, in ba shi haƙuri mu biyu babu idon jama'a.

Inna ba ta jira ni ba. Da safe, bayan na tafi Malbaza, ta cika babban kwano da geron rumbunta ta ɗora a kai, ta taka har bakin fako da ƙafafunta masu ciwo. Toka ta iske da kashin shanu. Sun tashi tun da asuba. Da na dawo da marece kwanon na nan a tsakar gida yadda ta sauke shi, an rufe da faifai. Ta ce, "Lokacin da na haihe ka nonona bai zo ba sai da anka kwana bakwai. Matarshi ce ta riƙa tatso maka nonon saniya." Ta shige ɗaki.

Karsanar ba ta saba da turke ba. Ta yi kwana da kwanaki tana kuka, ta juya fuska wajen da garken ya bi. Kukan saniya ba ya ɓoyuwa a ƙauye. Duk lokacin da ta yi, na san ana ji har bakin rijiya, kuma na san abin da ake tunawa. Na rage zama a dandali. A makaranta ma labarin ya kai, wani abokin aikina ya riƙa tambayata ko an biya ni tarar, yana dariya. Ɗan akuyan kuwa Inna ta hana a taɓa shi, ya girma a gidan ya zama ƙaton bunsuru mai ɓarna, babu mai ce masa komi.

Na yi niyya da kaka mai zuwa in bar rabin karan a gona. Na bari kuwa. Baffa bai zo ba. Karan ya zauna har wasu masu amalanke suka kwashe shi da rana tsaka, wani ya ce mini sun ɗauka ba a so ne. Na tambayi makiyayan da ke wucewa, suka ce ya bi ta wata hanya.

Karsanar ta shekara biyu a hannuna ba ta ɗauki ciki ba, don babu bijimi a kusa, ni kuma ban yi ƙoƙarin kai ta inda yake ba. A rani na biyu dusa ta yi tsada, harawa ta ƙare da wuri, ragunana sun kai shida. Na riƙa ce wa kaina ita kaɗai tana cin abincin rago uku. Gaskiyar ita ce na gaji da ganinta. Wata ranar kasuwa na sa aka kai ta Badaguishiri, wasu fatake masu loda shanu a mota zuwa Nijeriya suka saye ta. Na gaya wa Inna bayan an gama. Ta ce, "Taka ce ai."

Bayan kamar shekara guda na koma kasuwar neman ƙananan raguna. Ina ratsawa ta bakin inda ake tsai da shanu sai na ji an ce, "Mushe." Na waiga. Baffa ne zaune a ƙarƙashin wata ƴar rumfar buhu, igiyoyi jere a gabansa, yana tufka wata a cinyarsa. Na tsuguna gabansa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Ya tambayi Inna, ya tambayi ƙannena.

Ya ce ƙafar ta hana shi bin shanu. Ya raba wa ƴaƴansa abin da ya rage, sun yi kudu da su, don nan babu sauran wurin sauka, duk inda suka nufa gona ce ko shinge. Shi da tsohuwarsa sun zauna a gefen garin, suna da ƴan awaki da zabbi. Ya ce, "Tun bara waccan nika zama nan duk ranar kasuwa. Masu turke sun yi yawa, igiya na tahiya." Ya yi ƴar dariya.

Na ce, "Baffa, abin da ya faru gaban maigari..."

Ya katse ni. "Wanga ya wuce. Yaro ne kai lokacin."

Shekarata arba'in da ɗaya lokacin da abin ya faru. Ya ci gaba da tufka. Can sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita fa? Ta haihu?"

Na ce, "Tana nan lahiya. Ba ta haihu ba tukuna."

Ya ce, "Madalla. Uwarta ma ta yi jinkiri ga na biyu."

Na sayi igiya huɗu da ba na bukata. Ya ƙara mini ɗaya ya ce in kai wa Inna ta ɗaure akuya. Muka yi sallama, ya ce in gaida gida.

Sai da na fita daga garin, na hau tudu na kama hanyar gida, sannan lissafin ya zo mini. Tun bara waccan yake zama a wurin, duk ranar kasuwa, a bakin hanyar da kowace saniya ke bi ta shiga. Mutum ne da ke gane saniyarsa a cikin garken wani daga nesa, ta tafiyarta kawai. Na tsai da babur a gefen hanya na zauna a kan dutse, motocin kasuwa na wucewa da raguna a samansu. Na yi tunanin in juya in faɗa masa gaskiya. Na daɗe a zaune, sannan na tada babur na wuce gida. Ragunan da na je saya ban saye su ba ranar.